Nisan Katsina Da Makka Bai Ragu Ba, Kwanakin Tafiyar Ne Suka Ragu

A daren Lahadin da ta gabata ne, bayan sallar Isha'i, 'yan uwa matasa na cikin birnin Katsina suka yi zamansu na mako-mako a makarantar Islamiyyar da suka saba haɗuwa a unguwar Ƙofar Sauri. Da yake lokaci ne da maniyyata ke ta haramar tashi zuwa ƙasa mai tsarki, sai wani ɗan uwa mai sana'ar gyaran babur ya miƙa takarda yana tambaya cewa, "Allah gafarta Malam, wai kilomita nawa ne daga nan Katsina zuwa Makka, kuma awa nawa jirgi yake yi?" Da mai gabatarwa ya karanta takardar, wasu suka bushe da dariya, wai tambaya ce ta 'yan firamare. Malam ya tsawatar, ya rufe littafin da ake karantawa, ya ce yau wannan tambaya ita ce karatun. Ga abin da jawabin nasa ya ƙunsa. A sha karatu lafiya.

TAMBAYAR BA TA DARIYA BA CE

Bayan ya gode wa Allah (SWT), ya yi salati ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara da tambayar waɗanda suka yi dariyar, ko akwai wanda ya san amsar ya ɗaga hannu. Babu wanda ya motsa. Ya ce to ashe an yi wa ɗan uwa dariya ne a kan abin da kowa ya jahilta. Ya ce abin kunya ne a ce mutum yana fuskantar wuri sau biyar kullum, in ya mutu can za a fuskantar da shi a kabari, amma bai taɓa zama ya tambayi ina wurin yake ba, kuma mene ne tsakaninsa da shi.

Ya ce malaman Musulunci na farko ba su raina irin wannan tambaya ba. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce, babban malamin nan Albairuni ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake auna nisan garuruwa, kuma daga cikin abin da ya sa shi wannan aiki har da neman sanin alƙiblar garin Gazna, wanda ke cikin Afganistan ta yau. A wurinsu lissafin nisa hidima ce ga salla.

GA LISSAFIN

Daga nan Malam ya sa aka kawo allo da alli. Ya ce da farko 'yan uwa su sani babu filin jirgin sama a Makka. Jirgin alhazai ko dai ya sauka a Jidda, ko kuma a Madina. In aka ja zare a miƙe daga Katsina zuwa Jidda, ba tare da kwana ko kewaye ba, za a samu kimanin kilomita 3,500. Zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,600 ne. Daga Jidda zuwa Makka a mota abin bai wuce kimanin kilomita 80 ba, daga Madina zuwa Makka kuma kimanin kilomita 450.

Don a fahimta, ya ce a auna da hanyar da kowa ya sani. Katsina zuwa Kano a mota kimanin kilomita 170 ce. Ke nan nisan Jidda kamar mutum ya je Kano ya dawo sau goma ne, har da ɗoriya. In kuma da Ikko za a auna, kusan ninki huɗu ne na abin da ke tsakanin Katsina da Ikko a miƙe. Amma duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya ba, wanda yake kimanin kilomita 40,000.

Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai, a cewarsa, suna gudun kimanin kilomita 850 a awa, suna kuma tafiya a sama da tazarar kilomita 10 zuwa 11 daga ƙasa. In aka raba, jirgi yana cinye kusan kilomita 14 a kowane minti. Saboda haka in hanya a buɗe take, awa huɗu da rabi ko kusa da haka ta isa, har da hawa da sauka. Miƙaƙƙiyar hanyar takan bi ta sararin samaniyar Nijar, ta shiga Chadi, ta ratsa Sudan, ta tsallake kogin Nilu, sannan ta haye Bahar Maliya.

Ya ƙara da cewa wannan layin da ya ja a allo shi ne alƙiblar mutumin Katsina. Makka ba gabas sak take da mu ba. Tana gabas maso arewa, kimanin digiri 70 in an faro daga arewa, wato mutum ya fuskanci gabas sannan ya karkata hagu da kimanin digiri 20. Ya ce wanda zai gina masallaci ko ya shimfiɗa tabarma a shagonsa ya riƙe wannan.

AGOGO DA SALLA

Malam ya ce amfanin farko na sanin wannan lissafi shi ne kiyaye salla. Saboda Makka tana gabas da mu da kimanin digiri 32, kuma kowane digiri ɗaya minti huɗu ne na tafiyar rana, sai ya zama rana takan riga mu kaiwa tsaka a can da awa biyu da 'yan mintoci. Shi ya sa agogon Saudiyya yake gaban namu da awa biyu.

Ya ba da misali da jirgin da ya tashi daga Katsina da ƙarfe 12:00 na rana, kafin a kira Azahar. Bayan awa huɗu da rabi, agogon hannun maniyyaci zai nuna 4:30 na yamma, ya ɗauka da sauran rana. Alhali a Jidda ƙarfe 6:30 ne, rana tana dab da faɗuwa. Kafin a buɗe ƙofa, a sauko, a bi layin duba fasfo, Magariba ta yi. Mutum ya bar gida don ya bauta wa Allah, ya buɗe tafiyar da zubar da salla biyu.

"Wanda ya tafi gabas a jirgi, yininsa gajere ne," in ji Malam. "Saboda haka ka hau da alwalarka, ka san hukuncin sallar matafiyi tun kana gida, in lokaci zai fita ka yi ta a cikin jirgin gwargwadon ikonka. In akwai halin tsayuwa da fuskantar alƙibla ka yi, in babu kada ka bari lokaci ya wuce ka kana jiran tabarma."

Ya tunatar da ɗalibai abin da suka karanta a Risala game da nisan da ake yi wa ƙasaru, wato mil 48, abin da ya yi daidai da kilomita 80 da 'yan kai, kamar daga nan zuwa Daura. Ya ce a da wannan tafiyar yini biyu ce ga raƙumi mai kaya. Jirgi a minti shida yake shafe ta. Amma hukuncin bai faɗi ba, domin shari'a ta rataya sassaucin ne a kan tafiyar.

MIƘATI BA YA JIRAN MAI BARCI

Da ya juya kan ɗaura harami, Malam ya ce nan ne saurin jirgi ya fi cutar da jahili. Manzon Allah (SAW) ya iyakance wuraren da mai nufin Hajji ko Umra ba zai wuce su ba sai da harami, daga ciki akwai Zul-Hulaifa ta mutanen Madina, da Juhfa, da Ƙarnul Manazil, da Yalamlam. Wanda aka sauke shi a Madina, nasa da sauƙi, domin in zai fito zuwa Makka motarsu za ta tsaya a Zul-Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ya yi wanka a natse ya ɗaura.

Amma wanda jirginsa zai sauka Jidda, kuma Makka zai wuce kai tsaye, mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa zai ɗaura niyya ne tun a sama, daidai lokacin da jirgin ya zo saitin miƙati. Ya ce akwai malaman da suka yi sassauci a kan Jidda, amma fita daga saɓani ya fi. Mai raƙumi yakan kwana a miƙati, ya yi wanka, ya yi nafila, ya tambayi na kusa da shi abin da ya shige masa duhu. Mai jirgi kuwa, in ya yi gyangyaɗin minti biyar, ya wuce da kilomita 70. In ya wuce bai ɗaura ba, kuma bai koma ba, yanka ya hau kansa. Don haka ya shawarci duk mai tafiya ya yi wankansa tun a sansanin alhazai, ya sa tufafin haraminsa ko ya riƙe su a jakar hannu, kada ya kulle su a uwar jaka, sannan ya kasa kunne ga sanarwar ma'aikatan jirgi.

YADDA KAKANNI SUKA YI TA

Bayan wannan sai Malam ya goge allon, ya sake jan wani layi mai lanƙwasa. Ya ce wannan ita ce hanyar ƙasa da kakanninmu suka bi. Daga Katsina a nufi Kano, a shiga Barno, a haye zuwa Fallomi, wato Injamena ta yau, a wuce Abeshe ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a ratsa Kurdufan ta Ubayyid, a isa bakin Nilu, sannan a nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Daga nan a shiga jirgin ruwa a haye kilomita 300 da ɗoriya zuwa Jidda. Wannan ruwan da mutane suke yin kwanaki a kansa suna jiran iska, jirgin sama bai kai rabin awa ba yake tsallake shi.

Ya ce ko da a ce hanyar a miƙe take, mutum yana taka kilomita 25 kullum ba hutu ba ciwo, sai ya yi kwana 140. To balle ga kewaye, ga damina, ga 'yan fashi, ga ƙarewar guzuri. Shi ya sa tafiyar takan ɗauki talaka shekaru. Ya yi zango ya yi noma, ko ya yi ɗinki, ko ya koyar da yara allo, in ya tara ɗan abin da ya tara ya ƙara gaba. Da yawa sun yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Wasu an haife su a hanya, wasu sun yi aure a hanya, wasu kaburburansu suna hanya. Hausawa da Fulanin da suke zaune a Sudan har yau, da yawansu jikokin waɗannan matafiya ne.

A nan Malam ya ba da labarin kakarsa ta wajen uwa, wadda ya ce ya tashi ya tarar da ita tsohuwa tukuf. Yayanta ya fita da jaki ɗaya da buta da allo tun tana yarinya, ya ce ya tafi gabas. Har ta koma ga Allah, duk shekara in alhazan unguwa suka dawo, takan dogara sanda ta je yi musu barka, in an miƙo mata dabino da zamzam sai ta ce, "Alhaji, ko ka ji labarin yayana a can?" Malam ya ce har ta rasu ba a sani ba ko ya isa, ko bai isa ba.

Ya ambaci Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina masanin lissafi da taurari, wanda ya bar wannan gari ya je ya sauke farali, ya zauna ya karantar ya yi rubuce-rubuce, ajali ya riske shi a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti. Ya kuma ambaci Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi hijira ya nufi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato, ya yi shahada a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa kusa da Sannar yake amsa sunansa har yanzu.

Ya ce Allah (SWT) ya ba da labarin irin waɗannan mutane a Suratul Hajji, aya ta 27, inda ya umurci Annabi Ibrahim (AS) ya yi shela, ya kuma ambaci masu zuwa da ƙafa da masu zuwa a kan ramammun raƙuma daga nesa.

MAKARANTAR DA JIRGI YA RUFE

Malam ya ce a nan ne yake son 'yan uwa su buɗe kunnuwansu da kyau. Doguwar hanyar nan makaranta ce. Wanda zai fita yakan biya bashinsa, ya mayar da ajiyar mutane, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya bar wasiyya, domin shi da iyalinsa duk sun san mai yiwuwa rabuwar ke nan. A hanya yakan koyi haƙuri dole, ya raba ruwan salka da wanda bai san yarensa ba, ya zauna gaban malaman Barno da na Wadai da na Sudan, ya ji hukuncin Hajji sau ɗari kafin ya ga Jidda. In ya isa gaban Ka'aba, ya riga ya zama wani mutum daban.

"Yau fa?" in ji Malam. "Mutum ya karya kumallo da koko da ƙosai a Ƙofar Marusa, ya yi Isha'i a Madina. Da fushinsa ya hau, da shi ya sauka. Da haƙƙin maƙwabcinsa ya hau, da shi ya sauka. Gabar da yake yi da ɗan uwansa ko hucewa ba ta yi ba. Awa huɗu da rabi ba ta isa ta gyara abin da shekara arba'in ta ɓata ba."

Ya ce kada wani ya fahimce shi a karkace. Jirgi ni'ima ce, kuma a Suratun Nahli, bayan Allah ya ambaci dabbobin da ke kai mana kaya garin da ba za mu isa ba sai da wahala, ya sanar da cewa yana halittar abin da ba mu sani ba. Tsoho da tsohuwa da mai rauni, waɗanda a da ko Barno ba za su kai ba, yau suna zuwa su dawo cikin wata guda da 'yan kwanaki. Abin nufi shi ne, karatun da hanya take yi wa mutum a da, yanzu ba wanda zai yi masa shi sai shi da kansa, a gida, kafin ya taka matakalar jirgi.

DAGA JIRGIN RUWA ZUWA NA SAMA

Game da yadda aka zo wannan zamani, Malam ya ce Katsina tana da nata tarihin. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je aikin Hajji, amma bai bi ta gabas ba. Kudu ya yi zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya kewayo ya isa ƙasa mai tsarki. Hanyarsa ta ninka ta masu ƙafa a tsawo, amma ya je ya dawo cikin watanni. Ya ce tun daga nan ya kamata a gane cewa yawan kilomita daban, daɗewa a hanya daban.

A ƙarshen 1925 ne jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1936 aka fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Sannu a hankali hanyar ƙasa ta mutu, alhazai suka koma sama. Shekaru da dama maniyyatan Katsina sai sun je Kano suke hawa jirgi, wani lokaci su kwana da kwanaki a sansani suna jira. Daga baya aka fara kwasarsu daga filin jirgin Katsina, wanda aka sa wa sunan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

NISAN YA KOMA ALJIHU

Malam ya yi murmushi, ya ce ya san abin da ke zukatan matasa, wato suna cewa duk wannan bayanin na masu kujera ne. Ya ce to a yi wani lissafin. A Hajjin 2025 kuɗin kujera ya haura Naira miliyan 8. Mafi ƙarancin albashin da aka yanke a 2024 kuwa Naira 70,000 ne a wata. Wanda ke karɓar wannan, in ya tara shi gaba ɗaya, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi wata 114 kafin ya haɗa miliyan 8, wato shekara tara da rabi.

"Kun gani ke nan," in ji shi, "talaka har yanzu da ƙafa yake zuwa Makka. Kakanka ya yi shekarunsa yana noman auduga a Sudan, kai za ka yi naka a garejinka ko a shagonka a Katsina. Awa huɗu da rabin nan ita ce zangon ƙarshe kawai."

Ya ce a wannan doguwar hanya ta tara kuɗi ne 'yan fashin zamani suke tare matasa. Wani ya ce maka zo mu yi damfara ta waya, wani ya ce zo ka yi wa ɗan siyasa bangar zaɓe a ba ka kujera, wani ya ce rage mudu, in ka je can ka tuba. Ya tunatar da hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), game da mutumin da ya yi doguwar tafiya, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, yana ɗaga hannu yana roƙo, alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, aka nuna da wuya a amsa masa. Malam ya ce in wanda ya sha ƙurar hanya bai tsira ba, ina ga wanda ya zo a kujera mai laushi da kuɗin marayu?

Ya ƙara da cewa Allah bai wajabta Hajji ba sai a kan mai iko, kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 97. Wanda ya mutu yana tarawa da halal bai kai ba, ba shi da laifi, kuma niyyarsa tana wurin Wanda ba ya mantuwa.

BA INJI KE KAI MUTUM BA

Malam ya ja hankalin 'yan uwa da kada saurin jirgi ya sa su ɗauka tafiyar ta zama kamar zuwa Jibiya. A ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu, suna ganin gida. A ranar 11 ga Yulin 1991, wani jirgin da ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna daga taya mai ƙarancin iska abin ya faro. Ya roƙi Allah ya jiƙansu, jama'a suka amsa da amin.

Ya ce a 2020 da 2021, saboda annobar korona, babu maniyyaci ko ɗaya da ya je daga Nijeriya. Ga jirage, ga kuɗi an biya, ga hanya, amma ƙofa a rufe. A 2023 kuma, da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazanmu suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya ƙaru. Ya ce a duba ikon Allah, ƙasar da kakanninmu suka ratsa da jaki, sai ga jirgin sama ya kasa ratsa ta. Ya nemi 'yan uwa su riƙa sa mutanen Sudan a addu'a, domin ƙasa ce da ta shayar da alhazanmu ruwa shekaru aru-aru, kuma akwai jininmu a cikinta.

DALILIN TAMBAYAR

Da aka zo lokacin tambayoyi, ɗan uwan da ya rubuta takardar ya miƙe, ya yi sallama, ya ce yana son ya faɗi abin da ya sa ya yi tambayar. Ya ce mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta manyanta, kuma ba ta da burin da ya wuce ta ga Ka'aba. Shi ne babba a gidan. Wani ya yi masa tayin ya sayar da kayan aikinsa da babur ɗinsa, a nema masa bizar Umra, in ya shiga ya ɓace ya zauna yana aiki a ɓoye, ya yi Hajji ta bayan fage, in ya tara kuɗi ya aiko a kawo ta. Mutumin ya ce masa ai ba nisa, awa huɗu ce kawai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, shi ne nake son in ji ko da gaske ba nisa."

Wuri ya yi tsit. Malam ya ɗan jima bai ce komai ba, sannan ya tambaye shi ko mahaifiyar ta san da maganar. Ya ce bai gaya mata ba, don ya san ba za ta yarda ba.

Malam ya ce to ga amsa daga tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin zai wuce Hajji, Shehu ya dawo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Duk begen Manzon Allah (SAW) da ya cika waƙoƙinsa, har ya rasu a 1817 bai taka Makka ba. Ya ce akwai wanda zai ce Shehu ya yi asara?

Sannan ya ce masa awa huɗun nan ta mai tikitin dawowa ce. Wanda ya shiga ya ɓace, ya zama ba ya iya fitowa sai an kama shi, ko ya miƙa kansa. In tsohuwa ta kwanta ciwo, Katsina za ta yi masa nisan da ta yi wa yayan kakar Malam. Game da Hajji ba tare da izini ba kuwa, ya ce a Hajjin 2024, da aka yi tsananin zafi, hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da takardar izini, sun yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota.

"Ɗan uwa, kada ka sayar da kayan aikinka," in ji Malam. "Su ne jakinka. Ka koma ka durƙusa gaban tsohuwa ka gaya mata komai, ka nemi albarkarta. Ka buɗe asusu da sunanta, ko a adashin gata na hukumar alhazai, ko inda ka amince, kullum ka jefa abin da ya sawwaƙa. Ka kira ƙannenka su sa hannu. In Allah ya kira ta, za ta je ta ƙofar gaba da mutuncinta. In bai kira ta ba, ta rasu tana ganinka a gefenta, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne."

Ya kuma juya ga sauran 'yan uwa, musamman waɗanda suka yi dariya da farko, ya ce duk mai babur a cikinsu ya san garejin da zai riƙa kai gyara daga yau.

KAMMALAWA

A ƙarshe Malam ya bar wa matasa aiki uku kafin zama na gaba. Na ɗaya, kowa ya duba alƙiblar inda yake salla a gida da wurin sana'a. Na biyu, kowa ya karanta babin sallar matafiyi da babin Hajji, ko yana da kujera ko ba shi da ita, domin ranar tafiya ba ranar koyo ba ce. Na uku, duk wanda ke da maniyyaci a gidansu ko a unguwarsu, musamman tsofaffi waɗanda ba su yi karatu ba, ya je ya zauna da shi ya bayyana masa maganar agogo da ta miƙati da harshen da zai gane.

Ya rufe da addu'ar Allah ya kai maniyyata lafiya ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya kira waɗanda ba su je ba ta hanyar halal, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, na ƙasa da na sama. An tashi da misalin ƙarfe 10:15 na dare.